Wasiƙar da Ta Kusa Rushe Zaurenmu

Ni dai ban taɓa koyon Sifaniyanci ba, kuma har yau ban iya shi ba. Amma na taɓa fassara wasiƙa mai shafi huɗu daga wannan harshe zuwa Turanci, na buga ta da tafireta, na sa hannu a ƙasa ina hura hanci, kuma saura mako guda wannan aikin nawa ya sa a rushe zauren gidanmu na Nguru.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yammata a Gashua, inda aure ya kai ni. Tsakiyar shekarun casa'in ne, ba waya a hannun kowa, saƙo sai ta hannun direban mota. Ga ƙuruciya, ga takardar shaidar malanta sabuwa fil, ga kuma ciwon nan da ke kama masu ɗan ilimi: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Mutanen gidanmu ma sun taya ni lalacewa, don duk takardar da ta shigo da rubutun boko, ko ta asibiti ce ko ta jikin kwalin maganin sauro, ni ake ajiye wa.

Zauren kuwa kakanmu ne ya gina shi, lokacin da ya biyo jirgin ƙasa daga Kano ya zauna a Nguru yana sayen gyaɗa da fatu. Da maginansa ya taho. Ginin ƙasa ne, rufinsa ɗaurin guga, wato bakuna ne suka taso daga jikin bango suka haɗu a tsakiya suka ɗauki rufin, ba ginshiƙi ko ɗaya. Wannan bayanin daga baya na san shi. Mu mata ba ma tsayawa a zaure. Tun ina ƙarama abin da aka koya min shi ne in sunkuyar da kai, in ɗan rusuna, in gaida maza, in wuce da sauri. Shekara ashirin da ɗoriya ina ratsa shi, na haddace takalman duk mazan unguwa, amma da za a tambaye ni yadda rufin yake da sai dai in yi zuru.

Mai zauren a zahiri Baffa ne, ƙanen mahaifinmu. Tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan, amma babba na gaisuwa kawai, don ragamar komai tana hannun Yayanmu, wanda ke lodin bandar kifi da gero zuwa Kudu. Baffa yana saurayi ya bi shanu har Kalaba, daga can ya hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri da yake kira Fanya, wanda a lokacin yake hannun Turawa masu yin Sifaniyanci, ya shekara goma sha biyar yana aiki a ƙarƙashin wani Bature magini kuma kafinta, suna kafa rumfunan shanya koko. Da ƙasar ta rikice ya dawo gida da akwatin ƙarfe guda ɗaya da bayan da ya fara ranƙwafawa. Bai haihu ba, matarsa kuma ta riga shi. Ɗakinsa a jikin zauren yake, ƙofar ma ta ciki take, kuma kullum yana nan kan buzunsa a kusurwar arewa, da buta da carbi da 'yar rediyo.

Yakan ce yana jin yaren Turawan Fanya. Ba wanda ya taɓa ƙaryata shi a gaban idonsa, ba kuma wanda ya yarda. Jikokin gidan ne ke da izinin tsokanarsa. Su zo su ce, "Kaka, yi mana Fanyanci," ya zubo musu wasu kalmomi a guje, su zube suna dariya, shi ma ya taya su. Mu manya mu yi murmushi mu kau da kai. Ni ce ma na fi kowa laifi, don na taɓa gaya wa wata ƙawata cewa gwaranci ne kawai yake haɗawa don ya burge yara. Hujjata ita ce ni na karanta Turanci, kuma abin da yake faɗa bai yi kama da shi ba.

Wata ranar kasuwa, maza duk sun fita, sai wata Baturiya ta tsaya a ƙofar gidanmu. Tana cikin baƙin nan da ke zuwa Nguru kallon tsuntsayen fadama, amma ita sana'arta gini, kuma daga cikin mota ta hango zauren. Baffa kaɗai ta tarar. Da maza suka dawo ya ba su labari cewa sun yi hira da ita tun hantsi har azahar, da yarenta, ta auna bango, ta hau tsani ta leƙa saman rufi, har fura ta sha. Yaya ya ce, "To, Baffa, madalla," ya shige ciki. A tsakar gida aka yanke hukunci cewa da hannu suka yi maganar.

Bayan wata biyar, ana tsakiyar zafin bazara, wasiƙa ta iso ta hannun mutanen da suka kawo baƙin. Ta kuwa zo a kan gaɓa, don ana cikin rigima. Yaya ya sayi mota, yana so ya rushe zauren ya sa babbar ƙofar ƙarfe da shaguna biyu na bulo. Innarmu ta ce ba a rushe ginin kaka don mota ta sami wurin kwana. Yaya ya nuna mata wata tsaga a bangon gabas ya ce wata rana a kan mutane zai faɗo. Da aka ga wasiƙar da zane-zanen zauren a cikinta, sai suka daidaita: wani injiniya abokin Yaya zai karanta, in Baturiya ta ce ginin lafiya lau yake a bar shi, in ta ce ya gaji a sauke shi kafin ruwan farko.

Injiniya ya buɗe wasiƙa, ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan ba Turancin da ya sani ba ne, a mayar masa da ita Turancin Ingila. Baffa ya ce a karanta masa zai faɗi abin da ke ciki, don shi ajami ya iya, ba ya karatun boko. Yaya ya ce, "To, Baffa," ya naɗe takardar ya kai tasha a kawo min Gashua. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da zai sa mace mai hankali ta rubuto wa wani gida a Nguru wasiƙa da Sifaniyanci. Ni ma da ta iso hannuna ban tambaya ba.

Direban da ya kawo ta wani Babarbare ne mai fara'a da ke jigila tsakanin Nguru da Gashua. Ya gaishe ni da yarensu ya ce, "Wushe, Malama. Ga saƙon Alhaji, ya ce kafin mako ya zagayo." Na duba, ban gane ko kalma ɗaya ba, na ce masa ya gaya wa Yaya wannan ƙaramin aiki ne.

Allah ya taimake ni, ko kuma in ce ya jarrabe ni, da wani ƙaramin ƙamus na Sifaniyanci da Turanci. A laburaren makaranta na tono shi, cikin kwalayen littattafan kyauta da ba wanda ya taɓa buɗewa sai gara. Garar kuwa ta yi walima a cikinsa, ta cinye rabin shafuka daga harafin P zuwa gaba. Na kwana uku ina zama bayan an tashi daga makaranta, a gindin darbejiya, ina bin wasiƙar kalma-kalma da yatsa.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Bango, rufi, ƙasa, ruwan sama, duk na same su. Na sami arco, ƙamus ya ce arch, na ce madalla, bakan gini ke nan. Daga nan sai na faɗa cikin wasu 'yan uwan juna da suka cika wasiƙar: arquear, curvar, combar, encorvar. Duk wadda na duba, ma'anar farko da ƙamus zai ba ni ita ce bend, wato lanƙwasa, sannan ya jero wasu a bayanta da ƙananan baƙaƙe. Akwai kuma pandear, wadda take cikin cikin gara. Na dubi zanen da ke gefenta, na ga layi ne mai ɗan tudu, na ce ke ma 'yar gidan ce. Na yanke shawara cewa Turawan Fanya surutu ne ya yi musu yawa, abu ɗaya suna biyar. Ni kuma kullum ina gaya wa ɗalibaina su riƙa sauƙaƙa rubutu, don haka na sauƙaƙa wa Baturiya nata: duk inda na ga ɗaya daga cikinsu na sa bend. Sakin layi na ƙarshe na ga kamar gaisuwa ce, ga shi na gaji, sai na taƙaita shi da cewa tana gaida mutanen gida.

An ce min injiniya da jan biro ya karanta. Duk inda ya ga bend ya ja layi, ya ƙirga ya sami goma sha ɗaya. Rufi ya lanƙwashe, azara ta lanƙwashe, bango ya lanƙwashe, bakuna sun lanƙwashe. Ya ce ginin da ya lanƙwashe a wuri goma sha ɗaya bai kamata ya ga wata damina ba. Yaya ya sa ranar Asabar ta sama. Inna ta haƙura, tunda 'yarta ce ta rubuta.

Ranar Juma'a da aka tashi daga makaranta na hau mota zuwa Nguru, niyyata in je in karɓi yabo. Muka sha gargada har Jajimaji, muka tsaya aka ɗaura buhunan tattasai a saman mota, muna ta atishawa har muka isa. Na shiga zaure kaina a ƙasa kamar kullum, shi ya sa abin da na fara gani shi ne babu buzun Baffa a kusurwarsa. An naɗe shi an jingine. Shi kuma yana zaune a kan akwatin ƙarfensa, an ɗaure akwatin da igiya. Ashe an ba shi wani ɗaki a can ƙuryar gida, kusa da inda ake ajiye kwandunan kifi, inda ba mai wucewa balle a yi masa sallama.

"Uwata, an iso lafiya?" in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ya tambayi maigidana, ya tambayi ɗalibai, ya tambayi ruwan kogi ko ya ja baya. Bai ce komai a kan zauren ba. Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi, don da na sami abin da zan kare kaina da shi. Na shiga gida, tuwon Inna ma ban ci na kirki ba.

Washegari da hantsi, bayan maza sun watse, ya aika a kira ni. Ya ce, "Uwata, takardar nan tana wurinki? Ta asalin nake nufi, ba taki ba." Wannan "ba taki ba" ta sosa min rai, amma na ɗauko. Ya ce in zauna in karanta masa yadda take. Ban taɓa zama a zauren nan ba sai ran nan. Na sami gefen wani tsohon benci na ɗosana, na gyara murya, na fara karantawa da irin lafazin da nake yi wa 'yan aji biyar.

Ban kai ƙarshen layi na biyu ba Baffa ya fashe da dariya har da tari. Ya share hawaye ya ce, "Haba Uwata, wa ya ce ki riƙa tauna ta? Karanta ta kamar kina karanta Hausa, ki bar murɗa harshen nan na 'yan Ingila." Na ji haushi, amma na bi. Na sake farawa a hankali. Sai na ga ya daina dariya ya karkato kunne. Na kai tsakiyar wata jimla na yi tuntuɓe da wata doguwar kalma, kafin in haɗa ta ya faɗe ta, ya kuma ƙarasa sauran jimlar. Na duba takarda, abin da ya faɗa shi ne a rubuce. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Da muka zo kan 'yan uwan junan nan nawa, na yi saurin gaya masa cewa duk ma'anarsu ɗaya, ƙamus ne ya faɗa, ban da guda ɗaya da gara ta cinye. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya zuba gishiri a kunu. Bai yi gardama ba. Ya miƙa hannu ya zaro wata ɗanyar tsumagiya daga jikin tsintsiyar da ke bayan ƙofa, ya kama bakinta biyu ya tanƙwara a hankali har ta yi baka. Ya ce, "Wannan arquear. Kai ka so, kai ka lanƙwasa, don ya ɗaukar maka kaya. Ɗaga kanki."

Na ɗaga kaina. Ban san yadda zan faɗi abin da na gani ba tare da na zama abin dariya ba, mace da aurenta tana kallon rufin gidan ubanta baki buɗe. Bakuna ne masu kauri suka taso daga bango, kowanne ya tafi a hankali ya sadu da ɗan uwansa a can ƙololuwa, inda aka manna wani tsohon kwanon tasa mai shuɗin fure. Tsakaninsu an jera azara reras. Duk shekarun nan wannan abu yana saman kaina ina kallon silifas.

"Yanzu dubi abin da kike zaune a kai," in ji Baffa. Na duba bencin. Tsakiyarsa ta lotsa saboda shekaru da nauyin wani maƙwabcinmu mai sayar da mai, wanda nan ne wurin zamansa. Ya ce, "Wannan combar. Ba wanda ya so, nauyi ne ya fi ƙarfinsa." Sannan ya tashi da ƙyar, ya kai ni bangon gabas, ya ɗora tafin hannuna a kai ya ce in shafa daga sama zuwa ƙasa. Na ji wurin ya turo. "Wannan ce wadda gara ta cinye miki. Mu me muke cewa?" Na ce bango ya yi ciki. Ya ce, "To, ashe kin sani."

Abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Da Hausa ko a mafarki ba zan ce benci ya yi baka ba, ko in ce bakan gini ya lotse, ko bango ya ranƙwafa. Kowanne da kalmarsa, kuma tun ina goye na san su. Da Turancin ma na san su, suna nan a jere da ƙananan baƙaƙe a bayan bend, na tsallake su don sauri. Muka zauna har azahar, ni ina karantawa, shi yana nunawa da hannu, da tsumagiya, da gwiwar hannu, in nemo kalmar da Hausa, daga nan in haura zuwa Turanci. Na sa arched a inda magini ya so, sagged a inda nauyi ya danne, bulged a inda ruwa ya kumbura.

Da muka gama, wasiƙar ta zama wata daban. Bakunan lafiyarsu ƙalau, yadda aka ɗaura su haka suke, har Baturiya ta ɓata rabin shafi tana yabonsu. Azara biyu ne a saman ƙofa suka lotsa, a canza su. Bangon gabas kuma ya yi ciki ne saboda indararo ya karye, ruwan rufi yana bin jikinsa duk damina. A gyara indararo, a tokare bangon, a yi masa sabon yaɓe, shi ke nan. Da na zo sakin layi na ƙarshe na karanta, Baffa ya ce, "Wannan gaisuwa ce, bar ta."

Da la'asar na tari Yaya da sabuwar fassara, rubutun hannu, duk gogewa. Ya karanta ya dube ni ya ce, "Malama, wacce zan ɗauka, ta Talata ko ta Asabar? Gobe ma wata za ki kawo?" Ban ga laifinsa ba. Injiniya da aka kira ya ce shi dai takarda mai tafireta ya gani, kuma ya riga ya yi magana da leburori. Na fara rantse-rantse. Sai Baffa, wanda ban taɓa jin ya sa baki a shawarar gida ba, ya ce a bar takardu haka, a kira tsohon maginin nan na bayan kasuwa, ɗan wanda ya ɗaura rufin.

Tsohon ya zo yana dogara sanda. Bai nemi ganin wasiƙa ba. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kawo masa turmi da busasshen karan dawa mafi tsawo a unguwa. Ya kife turmin a tsakiyar zaure, ya tsayar da karan a kai, ya ɗan datse shi har kansa ya taɓa daidai inda bakunan suka haɗu, ba matsi ba sako-sako. Ya ce haka ubansa ke yi. A bar shi kwana bakwai. In rufin yana sauka, ko da kaurin farce ne, karan zai tanƙware ko ya karye. In ya kwana bakwai a miƙe, duk mai son rushe ginin ya nemi wani dalili. Kwana bakwai ɗin kuwa ya faɗa daidai ranar Asabar ɗin da Yaya ya sa. Yaya ya yi dariya ya ce ya yarda.

Makon nan gidanmu bai taɓa ganin irinsa ba. Inna, wadda don ita ake yi, ita ta fi kowa mita, don turminta na daka aka ɗauke, kullum sai an je aro maƙwabta. Aka hana awaki bi ta zaure, aka koma fitar da su ta katangar baya ana ɗaga su ɗaya-ɗaya. Maƙwabcinmu mai mai aka roƙe shi ya riƙa shiga a karkace. Mutanen unguwa suka mayar da wurin abin kallo, wasu na cewa ya ɗan karkata, wasu na cewa idonsu ne. Baffa ya kwance buzunsa ya shimfiɗa a gindin turmin ya zama mai gadi. Ni dole na koma Gashua saboda aji, labari sai ta bakin direba. Kullum in na leƙa tasha tun daga nesa zai ɗago hannu ya ce, "Malama, karanku yana nan tsaye!" Fasinjoji su yi ta kallona.

A makon ne na koma kan sakin layin da Baffa ya ce in bari. Wannan karon ban yi sauri ba. Na bi kowace kalma har ƙananan baƙaƙen, waɗanda gara ta ci na bar gurbinsu na cike da abin da ke kewaye. Da na gane abin da ke ciki, na naɗe takardar na sa a jakar da zan tafi da ita Nguru.

Ranar Asabar na iso da motar farko. Na tarar da leburori huɗu a ƙofar gida da diga da shebur, zaure kuma cike da maza. Tsohon magini ya ɗaura dutse a zare ya saki a gefen karan. Karan da zaren suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ya sa yatsa biyu ya zare karan, ya fito salin-alin yadda ya shiga. Injiniya, don Allah mutumin kirki ne, ya karɓi zaren ya gwada da kansa, ya ce wannan ba ya cikin littafin da ya karanta amma ba shi da ja. Yaya ya shafa gemu ya ce wa leburori su zagaya ta lungun baya su fasa katanga a can, motar ta shiga ta nan.

Mutane suka fara miƙewa. Ni kuma, da ya kamata in sunkuyar da kai in wuce ciki, sai na ji na ce a dakata, akwai saura a wasiƙar da ban fassara ba. Aka juyo ana kallona. Baffa ya ce, "Uwata, na ce ki bar ta." Ban taɓa ƙin jin maganarsa ba sai ran nan. Na tsaya a tsakiyar zaure, gefen turmin Inna, ina karanta layi da Sifaniyanci in mayar da shi Hausa.

Baturiya ta ce da yarenta ta rubuto saboda ta san a gidan akwai mai jin sa. Ta ce wata uku ta yi a ƙasar nan ba ta sami wanda za ta yi shi da shi ba, ranar da wani dattijo ya yi mata maraba da shi a ƙofar zaure sai da ta yi ƙwalla.

"Ba dattijo kawai ta ce ba," in ji Baffa, idonsa a ƙasa. "Encorvado. Ranƙwafaffe ta ce. Faɗi yadda yake."

Na gyara na ce ranƙwafaffen dattijo. Sannan na ƙarasa. Ta ce duk abin da ke cikin wasiƙar nan ba ita ta gano shi ba. Shi ya nuna mata indararon, shi ya nuna mata azarar, shi ya ɗora hannunta a bangon gabas. Ta rubuta ne kawai don ya roƙe ta, ya ce mutanen gidansa abin da ke takarda kaɗai suke ji.

Yaya ya tashi, ya durƙusa gaban akwatin ƙarfen nan da babbar rigarsa, ya kwance igiyar da hannunsa, ya ɗauki akwatin ya mayar ɗakin Baffa. Ya dawo ya ɗauki buzun ya kaɗe, ya shimfiɗa a kusurwar arewa, ya kawo buta da rediyo ya ajiye a inda suke. Sannan ya tsuguna ya ce, "Baffa, a yi mana haƙuri."

Baffa ya zauna a wurinsa, ya gyara ƙafa, ya dubi rufi. Ya faɗi wata gajeriyar magana da yaren Fanya. Jikoki suna bakin ƙofa, ba wanda ya yi dariya.

Yaya ya ce, "Me ke nan, Baffa?"

Baffa ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi Malama."

Duk suka juyo gare ni. Na dubi takardar da ke hannuna, na dubi Baffa, na ce, "Ban sani ba."